Aikin zuciya da mutum-mutumi da aka yi wa Yaya a Indiya, ga yadda na ganshi

Jama'a tunda muka dawo Zariya ake ta tambayata, wai da gaske inji ne yayi wa Yaya aikin zuciya, to bari in rubuta kowa ya karanta in huta. Aiki dai yayi kyau alhamdulillah, amma akwai inda raina ya ɓaci kuma zan faɗa.

Matsalarta bawul ne na ɓangaren hagu na zuciya wanda likitoci ke ce wa mitral, baya rufewa sosai sai jini ya riƙa komawa baya, ko tsakar gida ta share sai haki. A asibitin Shika aka fara gano abun da eko, wato hoton bidiyo na zuciya da ake ɗauka da na'urar sauti.

Na'urar sunanta da Vinci, kamfanin Intuitive na Kalifoniya ke ƙera ta, tun 2000 Amurka ta amince da ita, kai tun 1998 ma wani likita Alain Carpentier ya gyara irin wannan bawul ɗin da ita a Faransa, ba sabon abu bane mu ne dai labari bai iso mana ba. Kuma ita kaɗai ko allura bata iya ɗagawa. Likita ne ke zaune a gefe cikin ɗakin tiyatan ya kifa fuskarsa a wani akwati yana juya yatsu, hannayen na'urar suna bin abinda yayi ta ƙananan ramuka tsakanin haƙarƙarin dama, ga wani likitan tsaye kan mara lafiya yana canza kayan aiki. Kyamarar tana ƙara girman abu kusan sau 10. Sai dai irin wacce aka yi wa Yaya aiki da ita likita baya jin taushi ko taurin nama a hannunsa, da ido kawai yake aiki, shi yasa ni a ganina hoto shine rabin aikin nan, kuma nan ne asibitin suka burge ni.

Kafin su ce eh sai da suka yi mata siti sikan tun daga ƙirji har cinya, bayan sun duba ƙodarta sabida ruwan da ake ɗurawa a jijiya don hoton ya fito. Nace likita zuciya muka kawo me ya haɗa mu da cinya? Sai ya juyo min da kwamfuta yace tunda ba za a tsaga ƙashin ƙirji ba, ta matsematsi za a saka bututun injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, jinin kuma daga ƙasa ake tura shi sama, in jijiyoyin sun tsuke ko sun tara datti wani abu zai iya ɓallewa ya tafi ƙwaƙwalwa a samu shanyewar ɓarin jiki. Akwai wani dattijo ɗan Najeriya da muka haɗu a layi, hotonsa ne yasa suka ce masa sam sai dai a buɗe ƙirji, yayi ta faɗa wai ga kuɗinsa a hannu, ni kam a ranar hankalina ya kwanta da su.

Na biyu shine ekon da ake yi ta maƙogwaro bayan an sa mutum barci. Hanyar abinci tana manne da bayan zuciya, don haka hoton yafi na kan ƙirji fitowa nesa ba kusa ba. Da shi suke ganin inda bututun ya tsaya, da shi suke tantance wane gefen bawul ne ya saki, bayan an ɗinke an saka zoben da ke riƙe bakin bawul ɗin an tada zuciya kuma da shi ake duba ko yoyo ya tsaya ko iska ta maƙale a ciki, kafin a rufe. Sun nuna min bidiyon kafin da na bayan, na farko ja da shuɗi, launukan da ke nuna gudun jini, sai watsuwa suke, na biyu tsaf.

Kada wani ya ruɗe ku wai ƙaramin aiki ne. Rami ne ƙarami, amma zuciya sai an tsayar da ita, kuma sun sa mu sa hannu cewa in abu ya rikice za a buɗe ƙirjin nan take. Yaya ta miƙe da wuri, tabon ma a ɓoye yake, sai dai ta sha ciwon haƙarƙari, cinyar ma ta daɗe tana mata wani iri.

Inda suka gaza kuwa, ejan ɗin da ya haɗa mu bai gaya mana kayan hannun na'urar kuɗinsu daban bane, sai a can muka ga lissafi ya hau. Tafinta na Larabci ne da Faransanci, babu mai Hausa, ni na koma tafinta ko banɗaki zani sai Yaya tace kai dai kar ka daɗe. Ranar sallama kuma takarda kawai suka miƙo mana, sai da na kafe kafin aka zuba min hotunan a filas, kuma su ne abu na farko da likitanta na nan ya nema. Amsa saƙo a WhatsApp bayan ka dawo kuwa sai ka yi haƙuri.

Wani abu da ya kamata mutanenmu su sani, da yawa ciwon bawul ɗinmu daga ciwon maƙogwaro na yarinta yake da ba a sha magani ba, irin wannan bawul ɗin ƙandarewa yake ba kullum yake gyaruwa ba, in aka sa na ƙarfe to maganin tsinka jini ne har ƙarshen rayuwa, ga mace mai son haihuwa kuwa wannan ba ƙaramar magana bace. Kafin ka sayar da fili ko ka nemi biza, tura wa asibitin bidiyon ekon kansa ba takardar sakamako ba, likitan da zai zauna kan na'urar ya gani ya faɗa maka gyara zai yi ko canji, sannan ka tambaye shi irin wannan aikin nawa ya taɓa yi da hannunsa.