Sharhi Kan Wata Cibiyar Darasin Yamma a Zariya

Cibiyar da ɗana yake shirin jarrabawar JAMB a cikinta ba ta da kyan gini, amma malamanta sun san darajar tambayar ɗalibi. Da zarar malamin lissafi ya warware misali a allo, sai ya ajiye alli ya jira, kuma ba ya wucewa gaba sai wanda ya rikice ya faɗi inda ya rikice, domin ta nan ake gane abin da bai shiga ba. Yaran da kunya ke hana su magana gaban manya, musamman 'yan mata, an tanadar musu akwatin jefa tambaya a rubuce. Sai dai kwamfutocin gwaji sun yi kaɗan, alhali da kwamfuta ake rubuta jarrabawar.