Sharhi: yadda wani bakanike a Gumel ya gano ciwon a-kori-kurata

Duk mai tsohuwar mota mai kafireta a yankin Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar, in motarsa tana mutuwa a silo (wato lokacin da injin ke aiki ba a taka totur ba) ko tana katse mai idan rana ta take, shawarata ita ce kada ya yi saurin sayen wata kafireta. Ya fara sa a bi masa tiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Abin da wani dattijon bakanike a bakin garin Gumel ya yi wa tawa ke nan, kuma na gamsu da aikinsa ƙwarai, duk da akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba.

Motar Peugeot 504 ce a-kori-kura, irin waɗanda kamfanin PAN na Kaduna ya riƙa haɗawa, kamfanin da ya fara aiki a 1975. Da ita nake kai riɗi da zoɓo Maigatari ranar Alhamis, Gujungu kuma ranar Lahadi. Ciwonta iri biyu ne. In na sassauta a cikin kasuwa na taka birki, sai injin ya kama rawa ya mutu, birkin ma ya yi tauri sai na danna da dukkan ƙarfina. In kuma na ɗauko kaya na miƙe kwalta da tsakar rana, sai ta fara tari, ta ƙi amsar totur, ta tsaya cak. Ta huta kaɗan, ta tashi kamar ba ita ba. Wuraren da na kai ta a baya an canza filogi, an wanke kafireta, an ƙara mata silo, an buɗe mata mai. Ta rage mutuwa, amma shan manta ya ƙaru sosai, alhali tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma ta yi ta hawa. Ribar buhu nawa ce za ta ɗauki wannan?

Abin da ya fara burge ni shi ne Baba bai ɗauki sifana ba sai da ya gama tambayata. Da sanyin safiya take yi ko sai ta yi zafi? Da kaya ko babu kaya? Birkin ya riga injin lalacewa, ko tare suka fara? Da na ce tare, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Alhaji, tashe ta, kada ka taɓa totur."

Ya ɗauko guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunnensa, yana yawo da ɗayan a kewayen manifol (bututun da ke kai haɗin iska da mai daga kafireta zuwa cikin injin) da gindin kafireta. Can sai ya tsaya ya miƙo mini. Na ji wata siririyar ƙara tana fita, tsiii, ba ta yankewa. Babban tiyon da ya tashi daga manifol ya tafi na'urar ƙara ƙarfin birki ne, wadda bakanikai ke kira sabo (servo). Ta sama lafiya lau yake, amma da ya murɗa shi sai ga tsaga a ƙasansa, daidai bakin kilif, robar ta bushe tana marmashewa a yatsa. Ya toshe wurin da babban yatsansa, nan take injin ya daidaita, rawar ta tsaya.

Bayanin da ya yi mini a tsaye shi ne ya sa na fahimci motata. Injin da ke silo yana zuƙar iska da ƙarfi ta manifol, kuma kafireta ce ke auna mata fetur, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur in an auna da nauyi. Iskar da ta shigo ta tsaga ba ta bi ta kafireta ba, saboda haka babu man da aka auna mata. Haɗin ya tsinke ke nan, wutar ta yi rauni, injin ya mutu. Wannan zuƙar ce kuma sabo ke amfani da ita ya taimaki ƙafar direba, shi ya sa birki ya yi tauri a lokaci guda. Waɗanda suka buɗe mata mai sun rufe alamar ne kawai, tsagar tana nan. Ni dai birkin ya fi tayar mini da hankali, don mota mai ɗauke da buhuna a tsakiyar kasuwar dabbobi ba abin wasa ba ce.

Sai ya koma kan ƙaramin tiyon da ke zuwa dilko, wato na'urar da ke rarraba wuta ga filogi. Ya cire murfin dilko, ya tsotsi tiyon da baki, farantin ciki ya motsa, ya toshe da harshe, farantin ya tsaya bai koma ba. Ya ce robar cikin ba ta fashe ba, kada in yarda wani ya sayar mini da wani dilko. Tiyon kawai ya canza saboda bakinsa ya saki.

Matsalar katsewar mai ta fi cin lokaci. Ya zare ma'aunin baƙin mai ya sansana, don in robar cikin famfon mai ta tsage fetur na sauka cikin injin. Babu wari. Ya cire tiyon da ke shiga kafireta ya sa a gora, yaronsa ya murza makulli: man yana zuwa, amma da kumfa, kuma ba da ƙarfi ba. Ya sa jarka a gefe ya ba famfon mai daga ciki kai tsaye, sai ga mai yana tsartuwa sosai. Famfo lafiyarsa ƙalau ke nan, ciwon yana tsakaninsa da tanki. Suka shiga ƙarƙashin mota suka sami guntun tiyon roba da ya tsattsage kusa da tanki. Ba ya ɗigar da mai a ƙasa, shi ya sa ba wanda ya lura, amma duk lokacin da famfo ya ja sai iska ta biyo. Baba ya ce kamar mai shan zoɓo ne da tsinken roba mai huji. Filtar mai ta toshe da jan tsatsa, da aka sauke tanki aka zazzage kuma sai ga laka da ruwa kwance a gindi. Mu da muke ƙauye dole wani lokaci mu sha mai a jarka a bakin hanya, ba kowane ne tsaftatacce ba, kuma ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake sauka ya ci ƙarfe.

Ya kuma janye tiyon mai daga jikin injin inda wani ya taɓa ɗaure shi. A bazara, lokacin da zafin ƙasar nan ke wuce digiri 40, fetur kan tafasa a cikin tiyo ya zama tururi, famfo kuma ba ya iya tura tururi. Dalilin da direbobinmu ke ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo ke nan. Hujin numfashi na murfin tanki ma ya buɗe shi da siririyar waya, ƙurar hunturu ta liƙe shi.

Yanzu abin da ban so ba. Yaransa da baki suke zuƙo fetur, na ga ɗaya ya ƙware har idanunsa suka yi ja, kuma wannan na iya taɓa huhu. Gareji ne da ake juye fetur a daro amma babu tukunyar kashe gobara, sai bokitin yashi. Na faɗa wa Baba, ya ce ya ji. Ba ya ajiye kaya, sai da na aika Ƙofar Ruwa a Kano aka sayo tiyon birki mai kauri, don ya ƙi sa na ruwa, ya ce zuƙar injin za ta lotsa shi, fetur kuma yana cinye robar da ba tasa ba. Ga shi ba ya sauri, in kana da lodi yana jiranka ranka zai ɓaci.

Kuɗin aiki da na tiyoyi da filta gaba ɗaya bai kai rabin abin da aka ce in tanada na kafireta 'yar Beljiyam ba. Ya mayar da silo da mai daidai bayan ya rufe duk wata kafa, motar tana tsayawa a kasuwa shiru, birki ya yi laushi, shan mai ya sauka yadda nake gani a aljihuna. Mai niyyar zuwa ya je da sassafe, ba ranar Alhamis ba, kuma ya je da ɗan mai kaɗan a tanki saboda wataƙila a sauke shi.