Ajin haɗa kala na Zoo Road: ya ci kuɗinsa amma fa da saura

Masu ta tambayata a WhatsApp kan ajin haɗa kala ɗin nan na wajen Zoo Road a Kano, wanda wata baiwar Allah mai zanen atamfa take koyarwa, to ga amsa: in dai zanen yadi ne sana'arku ko kuna haɗa wa mutane anko, ku je kawai. In kuma satifiket ake nema a rataye a shago, gara a adana kuɗin dan ba arha ba ne.

Da da'irar kala ta fara, wadda asalinta ke komawa ga Isaac Newton tun 1704, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, sai waɗanda ke fuskantar juna kamar shuɗi da ruwan goro ko ja da kore. Wannan kam duk mai data zai samu a YouTube, ita ma bata ɓata lokaci a kai ba.

Inda na ji kuɗina sun fara dawowa shi ne maganar haske da duhu. Cewa tayi ku jera ƙyallayen da kuka zaɓa, ku ɗauke su hoto da waya ku maida hoton fari da baƙi, in duk suka koma toka iri ɗaya to zanen ya mutu, daga nesa ba wanda zai ga fulawar komai kyanta, shi yasa zaka ga atamfa a hannu tayi kyau amma a wajen biki ta zama wani dambu. Wallahi tun ranar nake yi wa duk zanen da na fitar haka. Sai ƙa'idar kashi 60, 30, 10 cikin ɗari, kala ɗaya ta mamaye, ta biyu ta tallafa mata, ta uku ɗan ɗigo kawai. Mu nan kowace kala so muke tayi magana a lokaci ɗaya, ruwan hoda da gwal da kore duk a zani ɗaya, Anti kuwa bata raga mana ba akan wannan.

Ta kuma warware min dalilin rigimar da muke yawan yi da kwastoma, mutum ya zaɓi ruwan hanta a sikirin a kawo masa yace ba shi ba ne. Sikirin da haske yake haɗa kala, ja da kore da shuɗi, yadi kuwa rini yake sha, kuma auduga da roba da shadda kowanne da irin shansa. Ga fitila ma, yadin da ka gani ƙarƙashin ƙwan shago a Kantin Kwari in ka fito dashi rana sai ya canza maka, dan haka komai a bakin taga muke dubawa. Tana da littafin Pantone, kamfanin da ke ba kowace kala lambarta, na auduga mai lambobin da ake kira TCX, ta koya mana karanta su, misali 19-4052 shuɗin nan da suka zaɓa kalar shekarar 2020, lamba biyun farko duhunsa suke nunawa, 11 mafi haske 19 mafi duhu. In zaka tura aiki masana'anta a waje lamba zaka basu, ba kace ruwan omo ba.

Abin da bai min ba, kusan duk misalanta na Turai ne, kalar bazara kalar hunturu, alhali mu Sallah da biki ne ke juya kasuwarmu. Kuma ace ana koyar da kala a cikin Kano ba a leƙa marinar Ƙofar Mata ba, wadda ke nan tun 1498? Can da baba da toka da kanwa zaka ga zane ya fito daga rami kore-kore iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka, a sake tsomawa ya ƙara duhu, masu bugu kuma su fito masa da sheƙi. Darasin haske da duhun nan gaba ɗaya yana wajen, na faɗa mata, tace zata duba.

Ɗakin kuma ƙarami ne, in aka ɗauke wuta zafi ba a magana, ku nemi ajin safe. Ku tafi da ƙyallayenku daga gida, na wajenta basa isa kowa.