Almakashi mai baki biyar ko ɗan injin murɗawa?

Wai don kawai a lalata takardar banki ko tsohon rasit, sai da aka ƙirƙiro almakashi mai baki biyar, aka kuma yi wani ɗan inji da ake murɗawa da hannu. Duk biyun abin dariya ne, amma kowanne da kalar wahalarsa.

Almakashin dai datsa ɗaya zai fitar maka da siraran tsiri-tsiri gwanin sha'awa, to amma bakinsa gajere ne, shafi ɗaya na A4 sai ka yi ta dannawa kana matsawa har babban yatsanka ya yi ja, ga guntayen takarda na maƙalewa tsakanin bakunan sai ka nemo tsinke kana ƙwaƙulowa, in ka haɗa shafi da yawa kuwa ya ƙi ci sam. Irinsa ake yanka ganye da shi a kicin, can ya fi amfani wallahi.

Shi kuma ɗan injin bakinsa ƙarami ne, dole ka ninke takardar kafin ta shiga, ninkewar kuma ita ke sa shi ya sarƙe. Hannu ɗaya na danne shi kar ya zame daga tebur, ɗayan na juyawa kamar mai markaɗe.

Kuma fa yawancinsu yankan tsaye kawai suke yi. A 1979 da ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran, zama aka yi aka harhaɗa irin waɗannan tsirin aka karanta abinsu. In dole sai ɗaya ni injin zan ɗauka, ko banza yana da ɗan akwatin da sharar ke zuba ciki.