Gargaɗi ga masu ƙananan jiragen rimot a Kebbi: ku guji makunnin risiba da wani ke tallatawa a WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ƙera ƙananan jirage da masu tashinsu da rimot, na Birnin Kebbi da Jega da Aliero da Argungu da kewaye. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook yana tallar makunnin risiba, wato ɗan abin nan da ake ɗaurawa a gefen jirgi tsakanin batir da risiba, na'urar da ke karɓar umarnin rimot a cikin jirgi. Yana zuba su a leda mai tambarin kamfanin Futaba, yana cewa orijina ne daga Japan, a kan kuɗin da bai kai rabin na gaskiyar ba. Jabu ne. Kada ku saya. Wanda ya riga ya saya kuma, don Allah ya cire shi daga jirginsa kafin ya sake tashi.

Ban kama suna ba domin mutumin ba ya zama da suna ɗaya. Yau shago ne a Kano, gobe ɗan kasuwa ne da ya dawo daga Dubai da ragowar kaya. Amma salon bai taɓa canzawa ba. Hotunan da yake turawa daga shagunan ƙasashen waje ya kwaso su. Kullum saura guda uku ko huɗu, kullum akwai wani da ke jira in ba ka biya yau ba. Sunan da ke kan asusun da zai ba ka daban yake da sunan da yake magana da shi. Sai ya ga alat sannan ya ba direba kayan a tasha, kuma ba ya karɓar kaya in sun dawo. In ka nemi shaida, zai turo maka bidiyo: ya haɗa batir, ya tura makunni, fitilar risiba ta kama, sarbo guda, wato ɗan injin da ke motsa sassan jirgi bisa umarnin risiba, ya motsa. Wannan bidiyon shi ne tarkon, domin makunnin yana aiki da gaske a kan tebur.

Abin da sababbin shiga ba su cika lura da shi ba shi ne, duk wutar da risiba da sarbo ke sha a jirgi mai injin mai ta wannan ɗan makunnin take bi. Sarbon da ke juya fukafukai, da na wutsiya, da na totur, duk a bayansa suke. In sarbo ɗaya ya mutu a sama, gwani kan iya lallaɓa jirgi ya sauko da sauran. In siginar rimot ta yanke, risiba tana da tsarin kariya da za ta rage totur da kanta. Amma in makunni ya saki wuta, risibar ce ta mutu ɗungurungum, kuma matacciyar risiba ba ta ba da umarnin komai. Totur zai tsaya inda aka bar shi, inji ya ci gaba da gudu har mai ya ƙare, kai kuma kana tsaye da rimot a hannu kana kallo.

Shi ya sa kamfanonin kirki ba sa wasa da shi. In ka buɗe makunni mai kyau za ka ga ƙafafu shida, uku a kowane layi, an haɗe layukan biyu da dalma domin wuta ta sami hanya biyu. In ɗaya ta yi datti ɗayar ta riƙe. Ƙarfen da ke zamewa a ciki yana da tauri, kuma duk lokacin da ka tura shi yana goge inda yake taɓawa. Wayar makunnan da ke ɗaukar wuta da yawa lamba 22 ce, mai kauri, ta jan ƙarfe zalla.

Mun kai guda biyu daga cikin na mutumin nan wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a babbar kasuwar Birnin Kebbi, ya ɓalle murfin a gabanmu. Na farko ƙafa uku kawai gare shi, irin wanda ake sa wa tocila mai araha. Na biyun yana da shida, amma layi ɗaya aka liƙa, ɗayan ko dalma bai gani ba. Robar wayar tana da kauri sosai, har ka ɗauka lamba 22 ce, sai da ya fere ta muka ga 'yan silalla ƙalilan a ciki. Ya ɗauko mayen ƙarfen tsohuwar sifika ya kara, waya ta manne. Ya dube ni ya ce, "Yaro, wagga waya ƙarhe ta, launi kawai anka shafa mata." Jan ƙarfe na gaskiya ba ya bin mayen ƙarfe. Wayar ɗayan ba ta manne ba, amma da ya kankare ta da reza sai fari ya bayyana a ƙarƙashi: alminiyom ne aka yi wa riga. Alminiyom kuwa kusan kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke wucewa da ita yake iya wucewa da ita, ga saurin karyewa in ana lanƙwasa shi. Ko fulogin ma ya tona asiri. Na Futaba yana da ɗan kunne a gefe wanda ke hana a soka shi a juye. Waɗannan sumul suke.

Ga lissafin da nake so kowa ya zauna ya fahimta, don shi ne ke bayyana yadda abu zai yi lafiya a ƙasa ya kashe jirgi a sama. Batirin risiba mai ƙwaya huɗu bolt 4.8 yake bayarwa. Risibobin zamani masu 2.4GHz ƙananan kwamfutoci ne. Na kamfanin Spektrum, alal misali, ba sa aiki a ƙasa da bolt 3.5, in wuta ta faɗi ƙasa da haka sai su ɗauke su sake tashi daga farko. A kan tebur, risiba da sarbo ɗaya marar kaya wuta kaɗan suke ja, don haka ko makunnin banza zai wuce da ita. A sama kuwa, lokacin da ka ja jirgi ya ɗago daga nutso, iska na danne fukafukai, sarbo uku ko huɗu na kokawa a lokaci guda, jan wuta kan kai amfiya 2 ko fiye na ɗan lokaci. A ce turjiyar da ke cikin makunni da siririyar wayarsa ta kai om 0.7. Ninka 2 da 0.7, ka sami bolt 1.4 da suka salwanta a hanya. Cire su daga 4.8, saura 3.4. Risiba ta ɗauke ke nan, kuma daidai lokacin da jirgi ke fuskantar ƙasa. Ko daƙiƙa ɗaya ta yi kafin ta dawo, ta isa.

Ƙara da jijjigar inji, wadda ke kaɗa sakwarkwataccen ƙarfen ciki ya riƙa taɓawa yana saki. Ƙara da ƙurar hunturunmu, wadda daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ta barin ko wace kafa ba ta shiga ba, ga murfin nasa ba ya rufuwa da kyau. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya sassauta robar, damina ta zo ta sa tsatsa a wayar ƙarfen.

Inda abin ya fi ɓata mini rai shi ne abin da ke biyo bayan faɗuwar jirgin. Wani ɗalibi da ke zuwa wurina koyon haɗa jirgi ya yi watanni yana tara kuɗi, jirginsa ya ƙi jin rimot a tashi na biyu ya daki ƙasa a fadama. Da ya kira mai kayan, sai aka ce masa ai eriyar kamfanin waya ce ta katse masa sigina, risibarsa ba ta da ƙarfi, amma akwai wata mai kyau da za a rage masa kuɗinta saboda asarar da ya yi. Yaron ya zo mini da maganar yana cewa, "Yaya, mutumin nan yana da kirki, har rangwame zai yi mini." Da muka tsinto tarkacen muka haɗa risibar kai tsaye da batir, lafiyarta ƙalau. Muka mayar da makunnin a tsakani, muka ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa, fitila ta ɗauke. Wannan damfara tana daɗewa ne domin faɗuwar jirgi tana farfasa komai, ba wanda ke zargin abu mafi araha a ciki, sai matuƙi ya zargi hannunsa ko rimot ɗinsa, ya koma wurin wanda ya cuce shi ya sake kai masa kuɗi. Wasu kuma kunya ke hana su faɗa, su ɗauka rashin iyawarsu ne, su bar harkar gaba ɗaya. Yara masu basira muke rasawa ta haka.

Akwai wata ƙaryar da yake yi wa masu jiragen soso masu amfani da batir. Yana gaya musu wai dole sai da makunninsa. Galibin irin waɗannan jirage ba sa buƙatarsa sam: na'urar da ke sarrafa gudun motar lantarkin da ke juya farfela ita ke ba risiba bolt 5, kana soka batir jirgi ya kunnu, kana zarewa ya mutu. Na ma ji ya shawarci wani ya sa shi tsakanin babban batir da na'urar gudun. Motar irin wannan jirgi tana jan amfiya 20 zuwa 30, makunnin risiba kuwa ko na gaskiya ne don 'yan amfiya kaɗan aka yi shi. Narkewa zai yi, kusa da babban batirin, irin na LiPo, da kowa ya san yadda yake kamawa da wuta.

Kada mu manta inda muke tashin jiragen nan: filayen ƙwallo na makarantu da busasshiyar fadama, inda yara ke taruwa da zarar sun ji ƙarar inji. Jirgin koyo mai injin mai ya kan haura kilo biyu, farfelarsa na juyawa fiye da sau dubu 10 a minti. Sannan jirgin da ya ƙwace ya yi gaba ba ka san inda zai sauka ba. Ga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a Ambursa, ba nisa da gari. Tun watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hana harba jirage marasa matuƙi ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba, kuma a Maris 2021 gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a samaniyar maƙwabciyarmu Zamfara. A wannan yanayi na tsaro, jirgin da ya faɗa inda bai kamata ba zai jawo wa mai shi tambayoyin da ba zai so ba, ya shafa wa sauranmu kashin kaji.

Gwajin makunni ba shi da wuya, kuma ya kamata a yi wa kowane, ko daga ina ya fito. Samo ƙwan sigina na mota, mai bolt 12 da wat 21. A kan batirin risiba zai ja kusan amfiya 1. Haɗa shi a bayan makunnin, ka auna wuta da mita a bakin batir, ka sake aunawa a bakin ƙwan. Ni in bambancin ya wuce bolt 0.2 ba na sa shi a jirgi. Ƙwan na ci, ka ƙwanƙwasa makunnin, ka girgiza wayoyin, ka ɗan taɓa maɓallin ba tare da ka kashe ba. In hasken ya yi ko ƙyaftawa ɗaya, jefar da shi. Kara mayen ƙarfe a wayar. In ya ci duk wannan, ɗaura shi a gefen da ba salansa, kuma ya zama turawa baya ce kunnawa, don kada ciyawa ta kashe shi lokacin gudu a ƙasa. Gwajin nisa na taku 30 da ake yi kafin tashi, wato a ja da baya da rimot a ga ko jirgi na jin sa, a maimaita shi inji na aiki, wani na riƙe da jirgin. Wanda bai sami makunnin da ya yarda da shi ba, ya soka batir kai tsaye a risiba ya ɗaure fulogin da zare ko salatif. Wanda jirginsa babba ne kuma yana da hali, akwai makunnan lantarki irin na PowerBox da Jeti, waɗanda aka tsara su yadda ko maɓallin ya lalace wuta ba za ta yanke ba.

Waɗanda suka riga suka tura wa mutumin nan kuɗi, kada ku goge hirar. Ku adana hotunan tallar, da lambar asusun, da rasit ɗin tiransfa, da ledar da kayan suka zo ciki, har da makunnin kansa. Ku kai ƙorafi bankinku da wuri, ku sanar da 'yan sanda, sannan akwai hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, wadda ke karɓar ƙorafi ta intanet. Ƙorafin mutum biyar a kan asusu ɗaya ya fi na mutum guda nauyi, don haka ku nemi juna ku tafi tare. Masu kula da zauruka kuma ku cire tallarsa da zarar ta bayyana da sabon suna. Malaman da ke duba aikin ɗalibai a makarantun kimiyya da fasaha, ina roƙonku ku leƙa cikin kowane jirgi ku ga irin makunnin da ke ciki kafin ku bari a tashe shi a gaban jama'a ranar baje koli.