Klarna da Tsarin Biya Sau Huɗu: Abin da Yake Yi wa Aljihun Mai Matsakaicin Ƙarfi

Duk wanda ya saba sayayya ta intanet a Amurka ko Turai ya san wannan maɓalli mai launin hoda da ke fitowa a shafin biyan kuɗi, gefe da katin banki. Kaya na dala 400 ne, amma maɓallin yana cewa dala 100 kawai za ka bayar yau. Na kamfanin Klarna ne, wanda aka kafa a ƙasar Suwidin a 2005, kuma tsarinsa da ya fi karɓuwa a Amurka shi ne Pay in 4, wato raba kuɗin kaya gida huɗu ba tare da kuɗin ruwa ba. Afterpay na Ostireliya da Affirm na Amurka suna da irinsa, don haka yawancin abin da za a faɗa a nan ya shafe su su ma.

Ana cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai wannan bashin akwai waɗanda aka ɗinka dominsu. Talaka tilis ba shi da asusun da za a riƙa cirar kuɗi duk bayan mako biyu, mai kuɗi kuwa ba ya tsayawa raba dala 400. Abokin cinikin Klarna shi ne mai albashi, mai rufin asiri, wanda kuɗinsa ke shigowa a kan kari amma suke ƙarewa kafin wata ya ƙare.

Wannan rukuni kuwa sai ƙara matsewa yake yi. Cibiyar bincike ta Pew tana kiran gida mai matsakaicin ƙarfi idan abin da yake samu ya kama daga biyu bisa uku na tsaka-tsakin samun gidaje zuwa ninki biyunsa. Da wannan ma'auni, kashi 61 cikin ɗari na Amurkawa ne ke cikin rukunin a 1971, a 2023 suka koma kashi 51. Ba duka ne suka faɗi ƙasa ba, a gaskiya waɗanda suka haura sun fi yawa: rukunin sama ya tashi daga kashi 11 zuwa 19, na ƙasa daga 27 zuwa 30. Ƙungiyar OECD, wadda yawancin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, ita ma ta fitar da rahoto a 2019 da ya nuna rukunin tsakiya a ƙasashenta ya ragu daga kashi 64 zuwa 61 cikin shekara talatin. Abin da ya fi ciwo a rahoton shi ne halin waɗanda suka rage a tsakiyar: kuɗin gida da na karatu da na asibiti sun yi wa albashi fintinkau. Ana cikin haka hauhawar farashi ta 2022 ta zo, ta kai kashi 9.1 a Amurka a watan Yuni, ta kai 11.1 a Birtaniya a watan Oktoba. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa har sama da kashi 5, katin bashi ya koma cin fiye da kashi 20 a shekara. Mutumin da ke gudun wannan katin, idan aka ce masa ga bashi ba ruwa, ai dole ya waiwaya.

Yin rajista ba wahala. Shekara 18, lambar waya, adireshi, da katin banki. Kamfanin zai leƙa tarihin bashinka leƙen da ba ya barin tabo, kuma cikin daƙiƙu zai ce e ko a'a. Ba sau ɗaya ake yanke wannan hukunci ba, duk sayayya sai an sake dubawa, shi ya sa mutum kan samu amincewa yau a kan dala 300, gobe a hana shi a kan dala 80 ba tare da wani gamsasshen bayani ba. Idan an amince, za a cire kaso na farko nan take ko lokacin da aka aiko kayan, sauran ukun kuma su fita da kansu a rana ta 14, ta 28 da ta 42. Mako shida an gama. Manhajar tana da sauƙin gani, tana tunatarwa kafin ranar cirewa, tana kuma ba da damar biya da wuri ba tare da caji ba. A nan dai ba abin da za a ce mata. Wanda ya sayi abu guda, ya biya a kan lokaci, dala 400 ɗin nan ce kaɗai za ta fita daga aljihunsa, ko sisi ba za a ƙara ba.

To ina ribarsu? A wurin mai shago. Yana biyan kamasho da yakan kama daga kashi 3 zuwa 6 na kowane ciniki, abin da ya fi na katin banki tsada, kuma yana biya da son ransa. Ɗan kasuwa ba ya ba da irin wannan kamasho don tausayi. Ya ga cewa mai saye da ya ga 100 a maimakon 400 ba ya saurin ajiye kaya ya fice, kuma yakan ƙara wani abu a kwando. Hajar da Klarna ke sayar wa mai shago ita ce wannan sanyin da zuciyar mai saye ke yi idan ta ga ƙaramar lamba.

Matsala ta farko da mutane ba su cika lura da ita ba ita ce kalanda. Tazarar kwana 14 ta dace ne da yadda ake biyan ma'aikata da yawa a Amurka, wato duk bayan mako biyu. Mai karɓar albashin wata kuwa lissafinsa daban ne. A ce albashi ya shigo ranar 1 ga wata, ka yi sayayya a ranar. Za a cire kuɗi ranar 1, ranar 15, ranar 29, sai na ƙarshe wajen 13 ga watan gaba. Kaso uku cikin huɗu sun faɗa kan albashi ɗaya, na ukun ma ya zo daidai lokacin da asusu ya fi bushewa. Ka ga ba a raba maka komai ba, dala 100 kawai aka ɗage maka. Amma da sayayyar ta kasance ranar 20 ga wata, sai cirewar ta faɗo ranar 20, ranar 4, ranar 18, da ranar 1 ga wata na uku, nauyin ya bazu a kan albashi uku. Kaya ɗaya, kuɗi ɗaya, bambancin ranar danna maɓalli kaɗai. A Birtaniya tsarin Pay in 3 ne ake yi, kaso uku da tazarar kwana 30, wanda ya fi dacewa da mai albashin wata.

Babban ramin kuwa shi ne tarawa. Ga lissafi a fili. Mutum ya sayi kaya na dala 200 a makon farko, na 120 a mako na biyu, na 320 a na uku, na 160 a na huɗu. Kowanne a ido ƙarami ne: 50, 30, 80, 40. A waɗannan makonni huɗu dala 280 ce ta fita daga asusunsa alhali ya kwashi kayan dala 800, sai ya riƙa jin kamar yana da sarari. Makonni huɗu na gaba, ko allura bai saya ba, za a cire 130, a cire 70, a sake cire 130, a sake cire 70. Dala 400 ke nan a kan kayan da ya riga ya fara mantawa da su, kuma akwai sauran 120 a gaba. Cirewa 16 a ranaku daban-daban. Watan da aka cinye masa dala 400 tun kafin ya fara shi ne watan da zai fi bukatar sake danna maɓallin, daga nan kuma abin ya zama zagaye.

Wannan ba hasashe ba ne. Hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta Amurka, CFPB, ta gano cewa kusan kashi 63 na masu amfani da irin wannan tsari sun taɓa riƙe bashi fiye da ɗaya a lokaci guda, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku sun ci daga kamfanoni daban-daban. Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne, shekara da shekaru ba a kai rahoton waɗannan ƙananan basussuka ga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, don haka wannan bai san abin da wancan ya ba ka ba. Abin ya fara sauyawa: Klarna na kai rahoto a Birtaniya tun Yunin 2022, Affirm kuma ya fara kai na dukkan basussukansa a Amurka a 2025.

Idan ranar cirewa ta zo babu kuɗi a asusu, Klarna zai sake gwadawa. Idan har aka wuce wa'adi, a Amurka ana iya ɗora tarar da ta kai dala 7, kuma jimillar tara ba ta wuce kashi 25 na kuɗin kayan. A Birtaniya fam 5 ce tun 2023. A kan kayan dala 400 wannan ba wani abu ba ne. A kan na dala 40 kuwa, dala 7 ta zama kashi 17.5 cikin mako shida, tsadar da ko ruwan katin bashi mafi mugunta bai kai ta ba. Sannan tarar da ta fi zafi ma ba daga Klarna take zuwa ba. Idan cirewar ta jefa asusunka cikin gibi, bankinka na iya cajin nasa, kuma a wasu bankunan Amurka wannan yakan kai wajen dala 35. Akwai kuma masu dabarar ɗaura tsarin a kan katin bashi don kada cirewa ta gaza. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin kuɗin ruwan da aka guje wa ya dawo ta bayan gida. Wasu bankunan ma sun hana amfani da katinsu ta wannan hanya.

Mayar da kaya shi ne wurin da tsarin ya fi ba da ciwon kai, saboda mutum uku ne a cikin cinikin. Ka mayar wa shago kaya, amma Klarna bai sani ba har sai shagon ya tabbatar masa, cirewa kuwa ba ta jira. Abin yi shi ne ka shiga manhaja a ranar da ka aika kayan, ka sanar cewa ka mayar, ka saka lambar bibiyar saƙon, don a dakatar da sauran biyan. Ka kuma ajiye rasit. Idan wani ɓangare na kayan kaɗai ka mayar, yawanci ragewa ake yi daga kason da ya saura, ba kuɗi za ka gani a asusu ba, abin da kan sa mutane su zaci an cuce su. Ba ƙaramin lamari ba ne, don rahoton CFPB na 2022 ya nuna fiye da kashi 13 na irin waɗannan cinikayya a 2021 sun haɗa da mayar da kaya ko jayayya. Kariyar doka kuma a Amurka ba ta kai ta katin bashi ba. Hukumar ta fitar da ƙa'ida a 2024 da ta ba masu saye haƙƙin jayayya irin na katin, aka janye ta a 2025.

Wajen sauraron koke, kamfanin ya yi shela a farkon 2024 cewa manhajarsa mai ƙirƙirarriyar basira tana yin aikin ma'aikata 700. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni shugabansa, Sebastian Siemiatkowski, ya yarda cewa inganci ya ragu, za a dawo da mutane. Tambaya mai sauƙi, injin na amsawa nan take. Rigima tsakaninka da shago kuwa, sai ka dage har ka samu ɗan Adam.

A kula da wani abu a shafin biya: ba duk zaɓin da ke ƙarƙashin sunan Klarna ne mara ruwa ba. Akwai biya bayan kwana 30, shi ma ba ruwa. Akwai kuma bashin watanni, wanda ruwansa kan haura kashi 30 a shekara ga wanda tarihinsa bai yi kyau ba. Suna jere ne wuri ɗaya, launi ɗaya, kuma wanda kasonsa ya fi ƙanƙanta a ido shi ne yawanci ya fi tsada.

A watan Maris na 2025 Klarna ya ƙulla yarjejeniya da DoorDash, kamfanin kai abinci gida a Amurka, aka yi ta barkwanci a intanet a kan cin abincin dare a biya cikin mako shida. Dariyar tana da ɗaci. Tsarin na da amfani na gaske idan firiji ya mutu ana saura kwana goma albashi, ko tayar mota ta fashe, abin da dole a saya yau kuma kuɗinsa tabbas na tafe. Wannan matsalar lokaci ce, kuma Pay in 4 na warware ta da arha fiye da katin bashi ko gibin banki. Cefane da man mota da kuɗin wuta kuwa kowane mako suke dawowa. Wanda ya kai ga raba su gida huɗu, samunsa ne ya gaza kashewarsa, kuma mako shida ba ya ƙara wa albashi ko dala ɗaya.

Ga wanda zai yi amfani da shi, ma'aunin da ya fi aiki shi ne ya tambayi kansa ko zai iya biyan kuɗin gaba ɗaya daga albashi biyu masu zuwa ba tare da ya taɓa kuɗin haya ba. Ya riƙe bashi ɗaya a lokaci ɗaya, a kamfani ɗaya, ya ɗaura shi a kan katin da ke cira daga kuɗinsa na kansa. Kafin ya danna, ya ƙirga ranaku 14, 28 da 42 a kalanda ya ga wacce ce ta faɗo a makon ƙarshe na wata. Idan biyu suka faɗo kafin albashi, gara ya jinkirta sayen zuwa bayan 20 ga wata.