Tanderun gaz, na lantarki ko na maƙera: wanne ya dace da gida a Damagaram?

Kafin ki shiga kasuwar Dole ki fara tayi, fara duba wutar da za ki dogara da ita a gidanki. Kyawun gilashi da yawan maɓallai ba su gasa kek. Abin da ke raba tanderu mai amfani da wanda zai koma akwatin ajiye tukwane shi ne wannan: in kin kunna shi, zai riƙe zafinsa har gashi ya nuna?

Na lantarki ƙarami, mai ɗaukar lita 35 zuwa 60, ya fi na gaz sauƙin kuɗi, ya kuma fi riƙe zafi daidai, saboda yana da na'urar da ke yanke wuta ta mayar da ita da kanta. Yawancinsu suna da ƙarfen zafi sama da ƙasa, shi ya sa kek ke yin ja ta kowane ɓangare. Amma yana jan wat 1500 zuwa 2200. Mai wat 2000 a kan bolt 220 yana cin kusan ampa 9 shi kaɗai, don haka in firiji da dutsen guga suna kunne, konta na iya faɗuwa. Yana buƙatar soket nasa mai ampa 16, da waya mai girman milimita murabba'i 2,5 da wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa. Kada a jona shi da siririyar wayar ƙari. Tana ɗumi a hankali har robar ta narke. Ga kuma abin da mai shago ba zai faɗa miki ba: in wuta ta yi rauni ta sauka zuwa bolt 180, zafin da tanderun ke bayarwa kashi biyu cikin uku ne kawai. Kek ɗin minti 40 sai ya haura awa, ya bushe a waje, cikinsa da danshi. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kowa ya kunna fanka, an fi ganin haka. Ƙaramin janareta da ƙaramar solar gida ba su iya ɗaukarsa.

Shi ya sa mai yin gashi kowane mako, balle mai sayarwa, na gaz ya fi mata. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gaz ya shiga gidaje da yawa a garin nan, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Murhun cikin tanderu yana ƙone kusan giram 200 a awa in an buɗe shi duka, wato kwalba mai kilo 6 za ta ba da kamar awa 30. Rauninsa ɗaya: wutar daga ƙasa take fitowa, sai gindin kek ya ƙone kafin samansa ya yi ja. Maganinsa a sa faranti a tsakiya ko sama kaɗan, a ajiye wani faranti marar komai a ƙarƙashinsa.

A nan ne ya kamata ki ɓata lokaci a shago. Ki nemi wanda ke da ɗan ƙarfen tsaro kusa da bakin wuta, siriri kamar kan fensir. Aikinsa shi ne rufe gaz in wutar ta mutu. Gwajinsa a gaban mai shago: a kunna, a danne maɓalli daƙiƙa 10 zuwa 15, a saki, sannan a hure wutar. Cikin kamar minti ɗaya ya kamata a ji ƙas, sautin gaz ya tsaya. Wanda ba shi da wannan, in iska ta kashe wuta, gaz zai cika cikinsa, kuma ashana ta gaba ita ce hatsarin. Ko da farashin ya ɗara, wannan ɗan ƙarfen ya ci kuɗinsa.

In na gwanjo ne daga Turai, ki tambayi irin gaz da aka saita shi a kai. Da yawa an yi su don gaz na bututun gari, kuma hujin ɗan bakin da ke fesa gaz ya fi faɗi. Da gaz na kwalba sai wuta ta tashi doguwa, rawaya, tana baƙanta tukunya tana fitar da iskar guba marar wari. Mai gyara zai canza waɗannan bakunan. Wuta mai kyau shuɗiya ce, gajera, marar hayaƙi. Kan gaz kuwa ya zama mai rage matsi zuwa milibar 28 ko 30. Tiyo na gaz na gaskiya yana da shekarar ƙarewa a jikinsa, kuma ana ɗaure bakinsa biyu da zoben ƙarfe, ba da robar taya ba. Zafin garin nan yana saurin tsattsaga roba, don haka a lanƙwasa shi lokaci zuwa lokaci a duba. Neman yoyo da ruwan sabulu ake yi: in kumfa ta taso, akwai yoyo. Gaz ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, saboda haka in kin ji wari ki rufe kwalba, ki buɗe ƙofa, kada ki taɓa makunnin lantarki.

Na maƙera, wanda ake zuba gawayi sama da ƙasa, yana da arha, yana ɗaukar faranti da yawa, kuma babu ruwansa da ɗauke wuta. Sai dai a tsakar gida kawai ake amfani da shi, ko a sanyin hunturu, don hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa. A ƙi wanda aka ƙera da kwanon rufi mai sheƙi, ko durom ɗin da ya taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari. Tunda ba shi da ma'auni, ki sayi ɗan agogon zafi na ratayawa: kek yana son digiri 180, kaza 200, burodi 220.

Na gaz ko na lantarki, kowanne kika zaɓa, ki gwada ƙofa da takarda. Ki maƙala ta ki rufe. In ta zare ba tare da turjiya ba, robar bakin ta saki, zafi zai riƙa tsiyaya. Sabo kuma a kunna shi babu komai ciki na minti 30, taga a buɗe, don man masana'anta ya ƙone.

Kulawarsa ba ta cin ruwa, abin da ke da muhimmanci a Damagaram. Bayan gashi, in ya huce ya rage ɗumi, a goge maiƙo da ɗanyen tsumma, domin maiƙon da ya taru shi ke kamawa da wuta. Wanda ya daskare, a kwaɓa bikarbonat cokali uku da ruwa cokali ɗaya, a shafa, ya kwana, a goge. Kada ruwan sanyi ya taɓa gilashi mai zafi, yana fashewa. Kada a shimfiɗa takardar alminiyam a ƙasan na gaz, tana toshe hanyar iska. Ƙurar hunturu tana cika hujojin murhu har wuta ta koma rawaya; tsohon buroshin haƙori ya isa ya share su. Na kan tebur a bar masa tazarar santimita 10 daga bango, a zare wayarsa bayan aiki, a rufa masa zane in ya huce sarai.